Jitsi Meet ko BigBlueButton: amsa ga Malam mai karatun dare

Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara lafiya. Game da karatun daren da kake son ɗalibanka na Magariya da Agadas da waɗanda suka tafi neman kuɗi Aljeriya su riƙa halarta ta waya, shawarata ita ce ka ɗauki Jitsi Meet, ka bar BigBlueButton ga makarantun da ke da ma'aikacin kwamfuta da kasafin kuɗi na shekara. Dukansu biyu buɗaɗɗun manhajoji ne na yin taro da murya da hoto ta intanet, ba a sayar da su, kuma dukansu a kan fasahar WebRTC mai kai murya da hoto kai tsaye suke tafiya, wadda burauzar kowace wayar zamani ta iya, saboda haka a wajen kyawun murya kusan kunnen doki suke. Inda suka rabu shi ne nauyin da kowace za ta ɗora wa aljihunka da kuma wayoyin ɗalibanka.

Jitsi ita muke amfani da ita a karatun fiƙihu da wani dattijon malami ke bayarwa a zauren gidansa a Birni, kuma ni ne mai kula da wajen na'ura. Kayan aikin duka ba su wuce waya ɗaya da muke jingina wa tarin littattafai a gabansa ba, sai ƙaramin makirfo mai igiya da muke maƙala masa a wuyan riga. Wata rana cikin zafin bazara aka ɗauke wuta ana tsakiyar babi, zauren ya yi duhu, muka kunna fitilar sola, Malam ya ci gaba da fassara bai ko ɗaga kai ba. Wani ɗalibinsa da ke aikin gini a Tamanrasat ya danna alamar ɗaga hannu, na buɗe masa makirfo, ya karanta matanin, Malam ya tsayar da shi a kan wasalin kalma ɗaya, ya maimaita, aka wuce, kamar yana zaune a kan tabarmar tare da mu. Abin da ya sa ɗaukewar wutar ba ta taɓa karatun ba shi ne ɗakin taron yana kan wata uwar garke, wato kwamfutar da ke haɗa mahalarta ta intanet, da muka yi haya a Turai, wayarmu kuwa da batirinta take aiki.

Dalilin da ya sa Jitsi ke jure wa rezo irin namu yana cikin yadda aka gina ta. Sashenta da ake kira Videobridge ba ya narka hotunan mahalarta ya sake haɗa su, karɓa kawai yake ya miƙa, don haka ba ya buƙatar babbar kwamfuta. Na'urar mai magana tana iya aika hotonsa a matakai daban-daban na kyau a lokaci guda, sai uwar garken ta ba kowane mai kallo matakin da layinsa zai iya ɗauka: wanda ke Yamai da intanet mai ƙarfi ya ga fuskar Malam tar, wanda ke ƙauye a bayan Mirya ya ga hoto dishi-dishi amma muryar ba ta yanke masa ba. Kuma kowane ɗalibi yana iya kashe hoton gaba ɗaya daga wayarsa ya bar murya kawai.

Wannan maɓalli na murya kawai shi ne ya fi komai muhimmanci a wurinmu, kuma lissafinsa a fili yake. Hoto mai gudun megabit 1 a daƙiƙa yana cin mega 450 a awa ɗaya, murya mai gudun kilobit 32 kuwa kimanin mega 15 take ci, ko da an ƙara ɗan abin da layi ke ɗorawa a kai. Ɗalibin da ke sayen mega na kwana ɗaya da ɗan canjin da ya rage masa bayan cefane zai iya zama karatun wata guda da murya, alhali da hoto mako ɗaya ma sai ya yi da gaske. Karatun littafi kuma kunne yake so, tunda kowa da littafinsa a hannu.

Ba sai ka yi hayar komai ba kafin ka gwada. Akwai meet.jit.si da kamfanin 8x8 na Amurka ke gudanarwa kyauta, wanda shi ne ke ɗaukar nauyin masu gina manhajar tun 2018, ita kuwa asalinta aikin Emil Ivov ne da ya fara a Jami'ar Strasbourg ta Faransa a 2003, ka ga ba abin jiya ba ce da za a wayi gari ta ɓace. Tun 2023 mai buɗe ɗaki a can sai ya shiga da asusunsa, kamar na Google, amma ɗalibai adireshin ɗakin kawai suke bukata, ka tura musu ta WhatsApp su danna. Ka yi wata ɗaya ko biyu a haka. In karatun ya kafu har kana son naka na kanka, masu manhajar suna ba da shawarar uwar garke mai jiga 8 na ƙwaƙwalwa, kuma sun ce ƙaramin taro zai iya tafiya da jiga 4. Kada wani ya ba ka shawarar ajiye ta a gida a nan Damagaram: wuta ba ta da tabbas, ƙura da zafi ba sa barin na'ura, sannan layukan salula galibi ba sa ba mutum adireshin intanet na kansa da za a iya riskarsa daga waje. Wanda zai girka maka ita kuma ka ce masa ya rufe ƙofar buɗe ɗaki da kalmar sirri, domin a yadda take zuwa kowa ya san adireshin zai iya buɗe ɗaki a kan kuɗinka.

BigBlueButton ban ce ba ta da kyau ba. An fara ta a 2007 a Jami'ar Carleton ta Kanada don koyarwa, tana da allon rubutu, ana ɗora mata takardun darasi, tana naɗar zama da kanta, kuma a nan ta fi Jitsi, wadda naɗarta a uwar garke ke buƙatar wani sashe dabam mai suna Jibri da na'urarsa. Sai dai masu ita da kansu sun gindaya jiga 16 na ƙwaƙwalwa, da cibiyoyin sarrafawa 8, da layi mai megabit 250 shiga da fita, kuma tana son uwar garke tata ita kaɗai. Mun taɓa riƙe ta na ɗan lokaci, kuɗin hayar na fita da Yuro kowane wata, allon da ake yabo kuwa a fuskar ƙaramar waya sai mutum ya yi ta ƙanƙance ido. Jami'a ko babbar makaranta mai amfani da Moodle, manhajar tsara darussa ta intanet, ita ce ta dace da ita.

Akwai kuma abin da ya kamata ka raba tun yanzu, domin na san in azumi ya zo za a ce a watsa tafsiri. Zaman da ɗalibi talatin ke tambaya ana amsawa dabam ne da watsa shiri ga ɗaruruwan masu kallo, kuma Jitsi ba don na biyun aka yi ta ba. Wannan aikin OBS Studio ne, ita ma kyauta ce kuma a buɗe take tun 2012, tana aiki a Windows da Linux da Mac. Ita ke haɗa kyamara da makirfo da rubutun sunan malami, ta tura zuwa Facebook ko YouTube, tana kuma ajiye kwafi a kwamfutarka a lokaci guda, wanda za ka iya ciro muryarsa ka raba washegari ga waɗanda rezo ya hana. Mai kallo yakan ga abin bayan daƙiƙoƙi da dama, wani lokaci har rabin minti, shi ya sa ba a yin tambaya da amsa ta baki a can. In kana son gidan watsawa naka, akwai Owncast, da PeerTube ta ƙungiyar Framasoft ta Faransa wadda ta fara watsa kai tsaye a 2021, amma ka yi lissafi tukuna: masu kallo 100 a megabit 1 kowanne na nufin jiga 45 na fita daga uwar garkenka a awa ɗaya. PeerTube tana rage wannan nauyi ta hanyar sa masu kallo su riƙa miƙa wa juna hoton, wato daga megan ɗalibai ake biya, sai wanda ya sani ya kashe. Ni a ganina OBS zuwa Facebook ta ishe ka, tunda can jama'armu suke.

Ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa maka, ka yi hattara da ƴan damfara. Duk wanda ya ce zai sayar maka da lasisin Jitsi ko na OBS, ko ya miƙo maka filas ya ce a ciki akwai cikakkiyar da aka buɗe, maƙaryaci ne, domin ba a taɓa kulle su ba balle a buɗe. OBS daga obsproject.com kawai ake sauke ta, kuma a rubuta adireshin da hannu, saboda an sha ganin tallace-tallacen ƙarya a saman sakamakon bincike da ke kai mutum ga kwafi mai satar kalmomin sirri. Ladan girkawa halal ne ga wanda ya yi aikin, amma sunan shafin da asusun uwar garken su kasance da sunanka da lambarka, kai ne mai riƙe da kalmar sirri, in ba haka ba ranar da kuka saɓa sai ya rufe ɗakin ya ce sai ka ƙara kuɗi. Haka masu sayar da kwamfuta ta hannu: takardar da aka liƙa a jikinta ba hujja ba ce, a kunna a gabanka a duba abin da na'urar ta faɗa game da kanta, a cire caja a ga ko batirin zai riƙe. Kyamarar da aka rubuta wa 4K a kwali ana sayar da ita da arhar banza ma ka bar musu kayansu. Wayar da ke hannunka ta fi ta, kuɗin kuma gara ka zuba su a makirfo mai kyau da batirin ajiya.

In ka samu mai girka maka, ka ba shi rabin ladansa, ragowar sai bayan an gwada da ɗalibanka na nesa bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ke kan layi rezo ya yi nauyi, domin gwajin hantsi a cikin shagonsa ba ya nuna komai. Ka sa mutum goma su shiga da wayoyinsu, kowa ya kashe kyamara in ban da kai, ka rufe makirfon kowa daga wajenka, sannan ka kira su ɗaya bayan ɗaya su karanta layi biyu.