Kwamfutar da ba ta farkawa daga barci: yadda takardun kanel na Linux suka yi mini amfani

A Birnin Kebbi, barcin kwamfuta ba kwalliya ba ne. Wuta tana zuwa tana tafiya, mai sola ma sai ya yi tattalin cajinsa. Ɗalibi yana so ya rufe kwamfutarsa ya shiga aji, ya dawo ya tarar da aikinsa da sauran batir. Gyaran kwamfuta ne sana'ata, yawancin masu zuwa shagona 'yan Kwalejin Waziri Umaru ne da 'yan Jami'ar Tarayya, na'urorinsu kuma na hannu ne. Idan na sa musu Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, don tsohuwar na'ura ta rage nauyi, ƙorafin da ya fi dawowa shi ne: "Malam, in na rufe ta ba ta tashi, sai na danne maɓalli ta mutu gaba ɗaya." Shi ya kai ni ga takardun da ke cikin kanel, wato zuciyar Linux.

Wadda na fi amfana da ita ita ce basic-pm-debugging, da Rafael Wysocki ya rubuta a 2007. Ba ta da tsawo, kuma ba ta yawo da hankalin mutum. Sharaɗinta kanel ɗin ya kasance an gina shi da CONFIG_PM_DEBUG, wato zaɓin da ke ba da damar binciken matsalar barci. Na duba fayil ɗin config da ke cikin /boot na tarar kanel ɗin Ubuntu, nau'in Linux ɗin da na duba, yana da shi, don haka ban sha wahalar sake gina komai ba.

Gwanintar takardar tana wajen fayil ɗin /sys/power/pm_test. Barcin kwamfuta ba abu ɗaya ba ne, matakai ne, kuma wannan fayil yana ba ka damar tsayawa a matakin da kake so. Ka rubuta freezer a cikinsa ka sa kwamfutar barci, kanel ya tsayar da manhajojin da ke aiki kawai, ya jira daƙiƙa 5, ya dawo da su. In an wuce lafiya sai devices, inda ake kwantar da na'urori irin su waifai da katin hoto da USB. Daga nan platform, mai taɓa ACPI, wato tsarin sarrafa wuta na uwar-allo, sai processors, sai core, mataki mafi zurfi. Kamar mai neman inda bututun ruwa ya fashe ne, yana rufe famfo ɗaya bayan ɗaya. Kafin na san wannan, baƙin sikirin kawai nake gani. Yanzu ina iya cewa matsalar a matakin na'urori take, kuma a kwamfutocin da suka biyo ta hannuna nan ta fi yawa. Idan a nan ne, takardar ta ce ka sauke rabin direbobin, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa na'urorin, ka gwada, ka sake raba rabin da ya ba da matsala, har a kai ga mai laifin. Da haka na kama direban waifai a kwamfutar wata ɗaliba da ta riga ta yanke shawarar sayar da ita. Wallahi na ji daɗin wannan aiki ƙwarai, don kuɗin sabuwa ba ta da shi.

Sai fayil ɗin pm_trace, wanda ke buƙatar zaɓin CONFIG_PM_TRACE_RTC a kanel. Dabararsa ta burge ni. Kwamfutar da ta sandare ba ta iya rubuta komai a faifai, don haka kanel yake ajiye alamar na'urar ƙarshe da ya taɓa a cikin agogon uwar-allo, wanda kashewa ba ta goge shi. Ka sake kunna kwamfutar, ka duba dmesg, wato umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, ka nemi layin da ke cewa hash matches. Amma fa sai ka yi sauri, cikin kamar minti 3, tunda agogon yana ci gaba da tafiya yana ɓata alamar. Kuma yana rikita kwanan wata, har shafukan intanet su ƙi buɗewa don takardar shaidarsu ba ta dace da ranar ba. Wani lokaci ma alamar kan dace da na'ura fiye da ɗaya.

Inda na ga ƙaranci shi ne bayanin a warwatse yake. Na pm_trace ya fi yawa a wata takarda mai suna s2ram, na s2idle da deep, wato barci marar nauyi da barci mai zurfi, kuma a sashen masu kula da tsarin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don sababbin kwamfutoci da dama s2idle kaɗai suke nunawa a /sys/power/mem_sleep, kuma a wannan yanayin processors da core ba sa aiki, iyakarka platform. Turancin ma na masu sana'ar ne, yaron shagona sai da na zauna na warware masa layi-layi.

Ga mai gyara irina ina ba da shawarar wannan takarda ta basic-pm-debugging kai tsaye. Wanda bai saba da rubuta umarni ba, ya kawo a yi tare. Kuma kafin a miƙa wa mai ita, a mayar da pm_test kan none, pm_trace kan 0, a daidaita agogo da umarnin hwclock.