Zama da tsohon kyaftin, kuɗinmu bai tafi a banza ba

Ƙanina ya gama lasisin tuƙin jirgin sama na kwamashal a Zariya da awa 200 da ɗoriya na tuƙi, shekara guda yana zaune gida a Ƙofar Ƙaura ba kira ba saƙo, shi ne muka biya wani tsohon kyaftin da ke ba matasan matuƙa shawara nan Katsina. Gaskiya Baba ya san aikinsa, littafin awoyin yaron ya bi shafi shafi da biro, ya ce ɗana ajiye mafarkin Boeing tukuna, nemi lasisin koyarwa, ɗalibi na biya kai kana tara awa, ATPL fa, wato babban lasisin zama kyaftin a kamfanin jirage, sai awa 1500. Matsalarsa ɗaya surutu wallahi, rabin lokacin labarin jigilar alhazai ya cinye har shayinmu ya huce. Duk da haka za mu koma bayan salla.