Koyil huɗu daga Amurka: yadda sassaucin dala 300 na kwastam ya yi mini aiki

Motata Corolla ce ƙirar 2010, 'yar Amurka, mai injin 1.8. Tun farkon daminar 2025 ta fara karkarwa idan na tsaya a danja, fitilar cek ta kama, mai kuma ya riƙa tafiya kamar tankin ya huje. Makanikena ya jona mata kwamfuta ya ce misin take yi, wato wuta na tsallake a injin, kuma koyil ne, na'urar da ke ba fulogi wuta. Muka sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano aka sa. Bayan mako shida ta koma gidan jiya. Sau uku ana canjawa cikin wata biyar, kuma kowane kwali da tambarin Denso a jikinsa, fes da shi. A karo na uku makaniken ya juya koyil ɗin a hannunsa, ya nuna mini inda robar ta tsage, ya ce: "Alhaji, kwalin ne na Denso, abin ciki kuwa Allah kaɗai ya san inda aka ƙera shi. Ko dai mu nemi na Beljiyam mu yi addu'a, ko ka yi odar sabo daga waje."

Ban so yin odar ba, domin na taɓa ƙonewa. A ƙarshen Janairun 2024 na sayi shokozoba biyu na gaba daga wani mai sayarwa a Amurka. Kayan da kuɗin dakonsu suka tashi dala 340, kusan rabi dako ne, saboda ƙarfe ne mai nauyi. Ranar da na biya, farashin dalar da ake lissafin kuɗin fito da shi naira 951 ne. Kayan na hanya, a farkon Fabrairu, ya koma 1,356 a rana ɗaya, kafin watan ya ƙare ya wuce 1,500. Faɗuwar naira ce ta jawo haka, tun da aka sake ta kasuwa ta yi mata farashi a Yunin 2023. Kayan da na ɗauka za a ƙiyasta a kan naira dubu 323 sai ga shi an ƙiyasta su sama da dubu 500, kuma a kan wannan adadin ake ɗora komai.

Mutane da yawa suna zaton kuɗin fito abu ɗaya ne. Takardar da aka ba ni a lokacin layi-layi ce. Ana haɗa kuɗin kaya da na dako da na inshora, a mai da su naira, a cire fito gwargwadon rukunin da kayan suka faɗa a jadawalin bai-ɗaya na ƙasashen ECOWAS, wanda ke da matakai biyar: sifiri, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Sai ƙarin kashi 7 a kan shi fiton, sai kashi 1 na duba kaya, sai rabin kashi na ECOWAS. A ƙarshe harajin VAT na kashi 7.5 ya hau kan jimillar duka, har da fiton da aka riga aka lissafa. Wato dakon da ka biya shi ma ana karɓar haraji a kansa. Wannan ne ban sani ba a wancan lokacin, kuma shi ya sa shokozobar ta zo mini da tsadar da ta fi ta kanti.

Abin da ya sa na sake gwadawa sanarwar Hukumar Kwastam ce ta watan Satumban 2025. Majalisar gudanarwar hukumar, wadda ministan kuɗi na lokacin, Wale Edun, ke shugabanta, ta amince cewa daga ranar 8 ga Satumba duk ƙaramin kayan da darajarsa ba ta wuce dala 300 ba, idan ya shigo ta kamfanonin aika saƙon gaggawa ko cikin jakar fasinja, babu fito babu haraji a kansa. Sharaɗin shi ne sau huɗu kawai a shekara, kuma kada kayan ya kasance cikin waɗanda aka haramta shigo da su. Abin sha'awa, kwana goma kafin nan Amurka ta soke nata sassaucin na dala 800 ga kayan da ke shigar mata daga ko'ina a duniya. Su suna rufe ƙofa, mu muna buɗewa.

A watan Oktoba na zauna da makaniken muka kwafi lambar shasi daga ƙasan gilashin gaba, haruffa da lambobi 17, muka kuma karanta lambar da ke jikin tsohon koyil ɗaya tilo na asali da ya rage a injin. Na nemi mai sayarwar da ya rubuta wannan lambar daidai, na tura masa lambar shasin, ya amsa cewa ya dace. Koyil huɗu dala 196, fulogi huɗu dala 38, dako dala 47, jimilla 281. Na so in ƙara sensar hayaƙi, na ga za ta kai ni sama da 300, na fasa. Na zaɓi in ƙirga har da dakon cikin ɗari ukun, don kada a samu abin gardama idan kaya suka iso. Wani sauƙin kuma, da katin naira na biya. A 2024 sai da na nemi mai asusun dala ya biya mini, amma tun Yulin 2025 wasu bankuna suka dawo da damar sayayya a waje da katin naira.

Kwana tara kayan suka yi zuwa Legas, suka ƙara uku zuwa Kano. Nan ne kawai na ɗan ɓata rai. Wata ma'aikaciyar kamfanin dakon ta kira ni ta ce akwai kuɗin da zan biya kafin a sako kayan. Na ce mata: "Hajiya, don Allah turo mini takardar in ga na mene ne." Da ta turo, layin fito sifiri, layin VAT sifiri, amma akwai kuɗin hidimar fitar da kaya, wanda na kamfanin ne, ba na gwamnati ba. Ba shi da yawa idan aka kwatanta da abin da na biya a 2024, sai dai babu inda aka ambata shi lokacin da nake biyan dako, kuma yadda ta faɗe shi a waya kowa zai ɗauka kuɗin kwastam ne. Ina roƙon duk wanda aka kira haka ya nemi takarda a rubuce. Sun kuma nemi rasidin sayayya da shaidar biya daga banki, na tura ta WhatsApp, washegari aka kawo ƙunshin ofishina.

Da muka buɗe kwalin a gareji, makaniken ya ɗora sabon koyil a tafin hannu ɗaya, na kasuwa a ɗayan. Sabon ya fi nauyi, robarsa ta fi laushi, rubutun jikinsa a zane yake cikin robar, na wancan kuwa fenti ne da farce ke kankarewa. Ya kira yaransa biyu ya ce su taɓa su ji. Minti ashirin aka gama ɗaurawa. Wata uku ke nan, na je Kaduna sau biyu, Katsina sau ɗaya, fitilar cek ba ta sake kamawa ba, karkarwa ta tafi, mai ya koma yadda na san shi. Idan na haɗa kuɗin koyil ɗin bogi uku da kuɗin aiki da man da na ƙona a banza, sun kusa kai abin da na kashe a wannan odar.

Duk da haka ba zan ce wa kowa ya bar kasuwa ya koma intanet ba. Wannan sassauci ya dace da ƙananan kaya marasa nauyi waɗanda jabunsu ya cika gari: koyil, fulogi, sensa, nozul, famfon mai. Shokozobar da na saya a 2024, ko yau na sake odarta ba za ta shiga ciki ba, dakon kaɗai zai fitar da ita. Giyabos, injin, ƙofa, bamba, duk waɗannan kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka ta Kaduna da Ladipo ta Legas sun fi, ga shi za ka gani da ido, idan bai yi ba ka mayar. Abin da ka sayo daga Amurka kuwa mayar da shi ya fi sayensa tsada. Tsohuwar taya ma kada a fara, tana cikin jerin haramtattun kaya. Masu kago da ke karɓar kuɗi a kan kilo, wanda na tambaya bai rage ko kwabo ba, ya ce nasu a dunƙule ake fitarwa.

Wanda ya fi ba ni tausayi ɗan kasuwar safaya ne mai shigo da kwantena. Shi wannan sauƙin bai shafe shi ba, kuma shekarar 2025 ta wahalar da lissafinsa. Harajin kashi 4 a kan darajar kaya, wanda ke cikin dokar kwastam ta 2023, an fara karɓarsa a Fabrairu, aka dakatar cikin 'yan kwanaki, aka dawo da shi a Agusta, ministan kuɗi ya sake dakatar da shi a tsakiyar Satumba. Mutumin da kayansa ke shafe makonni a teku, da wane farashi zai yi ciniki? Ina ganin wannan rashin tabbas na daga cikin abin da ke tura wasunsu ga kaya masu arha, mu kuma mu saya mu sa a mota.

Makanikena ya riga ya roƙe ni in bar masa gurbi ɗaya cikin huɗun, yana da kwastoma mai Camry da sensa ta hana shi barci. Na ce masa ya fi kyau mai motar ya yi da sunansa, tunda shi ma yana da nasa huɗun, ni kuma zan zauna da su in nuna musu yadda ake tura lambar shasi. Tawa sensar hayaƙin da na fasa tana nan cikin lissafi, ita ce oda ta gaba, tare da famfon mai idan jimillarsu da dako ta tsaya ƙasa da 300.