Arctic biyar da Noctua ɗaya: yadda na rage wa kwamfutata hayaniya ba tare da ta yi zafi ba

Idan abin da kake son ji kawai shi ne wace fanka za ka saya, ga amsar tun daga farko. Ka nemi kwalin Arctic P12 PWM PST mai guda 5 ka cika akwatin kwamfutar da su, in kuɗi ya yi saura ka ɗaura Noctua NF-A12x25 guda ɗaya a jikin ƙarfen da ke sanyaya firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Haka na yi wa tawa, ta ga hunturu ta ga bazara a haka, kuma ban yi da-na-sani ba. Sai dai wanda ya tsaya a sayayya kaɗai zai iya dawowa yana cewa an cuce shi, domin rabin aikin a cikin BIOS yake, wato shafin saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta.

Sana'ata tace bidiyo ce, na biki da na walima da ɗan tallan 'yan kasuwa, kuma a ɗakin da kwamfutar take nan nake ɗaukar murya. Firosesan Ryzen 5 5600X ne, da katin hoto matsakaici. Akwatin ya zo da fankoki 3 marasa suna, irin masu fitilun nan ja da kore da shuɗi da ke burge mutum a shago. Wayarsu ba ta bi ta kan madabod, babban allon da ake jona komai a kansa, kai tsaye take shan wuta bolt 12 daga fawa, na'urar da ke raba wa kwamfutar wuta, saboda haka tun daga kunnawa har kashewa gudu ɗaya suke yi, na ƙarshe. Ko rubutu kawai nake yi suna ta huci. Makirufo kuwa ba ya yafiya, duk abin da kunne ya saba da shi ya daina ji, shi sai ya kwaso. Da ƙura ta shiga boris ɗin ɗaya daga ciki ta fara ƙara kirrr, sai na ce to, lokaci ya yi.

Akwai wani lissafi da ya kamata mutum ya riƙe kafin ya duba sunan kowane kamfani. Idan ka rage gudun fanka da rabi, iskar da take turawa za ta ragu da rabi, amma ƙararta za ta faɗi da kusan desibel 15 (desibel ma'aunin ƙara ne). Idan kuma ka ƙara fanka ta biyu irinta a gefenta, desibel 3 kacal za su ƙaru. Ke nan fankoki biyu masu tafiya a hankali suna iya kawo iskar da guda ɗaya mai gudun tsiya take kawowa, alhali ƙararsu ta yi ƙasa da kusan desibel 12. Kunnen ɗan Adam yana jin ragin desibel 10 kamar an raba ƙara biyu, ka ga ribar ba kaɗan ba ce. Wannan ne ma ya sa fanka mai faɗin milimita 140 ta fi mai 120 natsuwa in akwatinka yana ɗaukarta, tunda filin da take sharewa ya fi da kusan kashi 36 cikin 100, ba sai ta yi sauri ba za ta kawo iskar. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarfin turi. Shi idan aka raba gudu biyu, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Fankar da ba a ƙera ta don turi ba, da zarar ka rage mata gudu ka kuma sa raga mai tace ƙura a gabanta, juyawa kawai take yi, ba abin da ke wucewa.

Dalilin da ya kai ni ga P12 ke nan. Fukafukanta 5 ne, masu faɗi, lanƙwasassu, an yi su ne don cusa iska ta inda ake tare ta. A takardar kamfanin tana tafiya daga juyi 200 zuwa 1800 a minti, tana tura iska kimanin kubik mita 95 a awa, ƙarfin turinta milimita 2.2 na ruwa. Boris ɗinta mai iyo a cikin mai ne, ba irin na fankokin da na cire ba. Haruffan PST ɗin nan na ƙarshen sunan su ne suka fi yi mini amfani ranar ɗaurawa: kowace fanka tana da ƙarin soket a jikin wayarta, sai ka jona ta biyu a jikin ta farko, ta uku a jikin ta biyu. Madabod ɗina mai araha ne, wurin jona fanka ba shi da yawa, amma da wannan dabarar fankokin gaba 3 suka hau wuri ɗaya. Yawancin irin waɗannan wuraren suna ɗaukar amfiya 1, ita kuwa P12 abin da take ja bai wuce kusan 0.1 ba, don haka babu fargabar ƙona wani abu.

Na sa 3 a gaba suna shigo da iska, 1 a baya da 1 a sama suna fitarwa. Wanda bai taɓa ɗaura fanka ba ya lura, iska tana fita ne ta ɓangaren da sandunan da ke riƙe injin suke, wato inda takardar lambobin take manne. A juyi 700 zuwa 900, daga kujerata ba na iya rarrabe ƙararsu da shirun ɗakin, kuma makirufo ya daina kama su. In an sake su zuwa 1800 dole ka ji su, kamar kowace fanka mai milimita 120 a wannan gudun, amma ƙarar iska ce zalla, shuuu, babu kaɗawa babu ƙwanƙwasa. A hannu ba su da nauyi, robarsu ta talakawa ce, kwalin ma ba wani ado. Ban ga laifin hakan ba tunda lokacin da na saya kuɗin guda 5 kusan daidai yake da kuɗin Noctua ƙwaya ɗaya a kasuwar waje, wajen dala 30.

To me ya sa na sayi Noctua ɗin? Saboda akwai wuri ɗaya a kwamfuta da iska ke shan wahalar ratsawa fiye da ko'ina, wato tsakanin siraran faifan alminiyon da ke kan firosesa, kuma fankar wannan wurin ce ta fi kowacce yawan hawa gudu. Noctua kamfanin ƙasar Ostiriya ne, ya fitar da NF-A12x25 a 2018 bayan ya shafe sama da shekara 4 yana aiki a kanta. Abin da ya bambanta ta shi ne tazarar da ke tsakanin bakin fiffike da bangon fanka, rabin milimita ne kawai. A yawancin fankoki tazarar ta ninka haka, kuma ta nan iska ke sulalewa ta koma baya idan ta haɗu da tirjiya. Roba ta yau da kullum tana miƙewa a hankali saboda juyi, wata rana fiffiken ya taɓo bango, shi ya sa suka yi amfani da wani sinadari mai tauri da suke kira Sterrox. Fukafukanta 9, ƙarshen gudunta juyi 2000, iska kubik mita 102 a awa, turi milimita 2.34, garanti shekara 6.

Ka dubi lambobin nan ka dubi na P12, za ka ce ai duk ɗaya ne, kuma a takarda kusan hakan ne. Bambancin a kunne yake. A juyi 1200 zuwa 1400, inda fankar firosesa ke zama lokacin da ake fitar da dogon bidiyo, ƙarar Noctua mai laushi ce, tana ƙasa-ƙasa, ba ta da wani sauti guda da ke fitowa ya tsaya wa mutum a kai. Na gwada P12 a wannan gurbin kafin Noctua ta iso, ta yi aikin, zafin firosesa bai yi wani nisa da na yanzu ba. Amma a daidai ƙarar da zan iya jurewa, Noctua tana ba ni damar ƙara gudu fiye da ita. Ribar ke nan, kuma ita kaɗai ce. Ta isa mai ɗaukar murya ya biya. Mai buga gem da abin sauraro a kunne kuwa, ban ga abin da zai tsinta ba.

Kwalinta cike yake da tarkace masu amfani: robobin kusurwa masu shanye girgiza, ƙusoshin roba, wayar ƙari, wayar raba biyu, da wata 'yar waya mai rage ƙarshen gudun zuwa 1700. Launinta kuwa, ruwan ƙasa da ruwan madara, kamar shayin da aka cika wa madara aka bar shi ya huce. Ƙanena da ya gani ta gilashin akwatin cewa ya yi: "Yaya, wannan a gwanjo ka samo ta?" Akwai baƙa da suka fitar daga baya ga wanda abin ya dama, kuma a 2025 sun fitar da sabon samfuri mai G2 a ƙarshen suna.

Kada ka dogara da lambar desibel da ke jikin kwali wajen kwatanta kamfani da kamfani. Noctua ta rubuta 22.6, Arctic kuma da wani ma'auni daban ta rubuta nata, 0.3 sone. Kowa da ɗakin gwajinsa da nisan da yake ajiye makirufo, kuma duk a fili ake aunawa, ba a bayan raga ko gilashi ba.

Yanzu ga abin da masu gwaji na Turai da Amurka ba su cika damuwa da shi ba, mu kuma shi ne rayuwarmu. Su a ɗaki mai digiri 21 ko 22 suke gwajinsu. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take ɗebowa, don haka duk digirin da ɗakinka ya ƙaru da shi, firosesa ma zai ƙaru da kusan hakan. A ce, misali, firosesa yana hawa digiri 45 sama da zafin ɗaki lokacin aiki mai nauyi. A ɗakin mai gwaji 67 ke nan. A Kano cikin Afrilu, da rana ta haura 40 a waje, ɗaki mai rufin kwano ya kai 37, sai ka ga 82. Iyakar 5600X digiri 95 ce, daga nan zai fara rage wa kansa gudu. Har yanzu da sauran fili, amma ba fili ne na wasa ba. Wanda ya kwafi saitin shiru na wani Bajamushe ya ɗora wa kwamfutarsa a Sakkwato zai sha mamaki.

Ni saiti biyu nake da su, na sanyi da na zafi. A BIOS ana zana wa kowace fanka layin da ke cewa a zafi kaza yi gudu kaza. Abu na farko, ka tabbata wurin jonawar yana kan PWM, wato sarrafa gudu ta fil na huɗu, in fankarka mai fil 4 ce, domin wasu madabod suna barinsa a kan DC na masu fil 3. Na biyu, ka shimfiɗa layin a kwance har zuwa wajen digiri 60 ko 65, sannan ya fara hawa. Ryzen yana da ɗabi'ar zabura, buɗe burauza kaɗai kan sa zafinsa ya yi tsalle na daƙiƙa biyu ya dawo, kuma in layinka a tsaye yake fanka za ta riƙa binsa tana hawa tana sauka. Wannan hawa da saukar ya fi ƙara mai ɗorewa cin rai nesa ba kusa ba. BIOS da yawa suna da wurin sa jinkiri kafin fanka ta amsa, ka kai shi daƙiƙa 3 ko sama in naka ya ba da dama. Na uku, ka bi gudun a hankali daga ƙasa zuwa sama kana saurare. Fanka da akwati sukan haɗu su yi amo a wani gudu na musamman, in ka gano shi sai ka zana layin ya tsallake wurin. A watannin zafi ina ɗaga gindin layin fankokin gaba zuwa wajen juyi 1100, tunda a lokacin fankar silin ma tana aiki, ta rufe ƙararsu. In zan ɗauki murya, da asuba nake yi.

BIOS ba ya ganin zafin katin hoto, alhali sau da yawa shi ne ya fi dumama akwatin. Akwai manhaja kyauta ta Windows mai suna FanControl da ke ba ka damar cewa fankokin akwati su bi wanda ya fi zafi tsakanin firosesa da katin. Da ita nake aiki yanzu, na bar saitin BIOS a matsayin madogara.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ragar gaba takan toshe cikin 'yan makonni, kuma toshewar raga tana cinye duk ribar fanka mai tsada. Dalilin da ya sa masu shigo da iska suka fi masu fitarwa yawa a akwatina ke nan: iskar ciki ta ɗan fi ta waje matsi, sai ta riƙa fita ta ramuka da tsagogi, maimakon ƙura ta riƙa shigowa ta inda babu raga. Ka ɗaga akwatin daga ƙasa, ko kan benci ne. In za ka hura da bulowa, ka dafe fukafukan da yatsa, kar iska ta juya su fiye da gudun da aka yi su dominsa.

Akwai waɗanda zan ce su riƙe kuɗinsu tukuna. Idan gaban akwatinka gilashi ne rufe ruf da 'yan tsagogi a gefe, fanka ko ta nawa ce shaƙewa za ta yi, gara ka canza akwatin zuwa mai raga. Idan kuma ƙarar daga fawa take fitowa ko daga katin hoto, canza fankokin akwati ba zai taɓa ta ba. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe murfin gefe, ka tsayar da fankokin akwati ɗaya bayan ɗaya na ɗan lokaci ta hanyar danna tsakiyarsu a hankali, ka ji wacce ce in ta tsaya ɗakin ke yin tsit. Fawa kam kada ka buɗe ta, akwai wutar da ke zama a ciki ko an zare fulogi. A tawa, da sauran suka yi shiru, katin hoto ne ya fito fili a matsayin mai surutun gidan, sai da na shiga manhajarsa na rage masa wutar da yake ja kaɗan kafin ya daidaita da su.