Katakon lilo ko safar matse idon sawu? Ni dai katako ne ya yi mini rana

Malam, ka tambaya wanne ya fi tsare ƙafa daga targaɗe, safar matse idon sawu ko katakon lilo, wato wanda ake hawa a tsaya a kai yana karkatawa. Tunda bana duwatsu za ka bi 'yan farauta, katakon za ka yi, ka ƙyale safar.

Duka biyun ina da su. Safar na fara saye, bayan na yi targaɗe a duwatsun Kudaru, kan hanyar Jos. Ba a hawa abin ya same ni ba, a gangara ne: karnuka sun taso zomo, na taka tsakuwa a kan fa, ƙafa ta juye, sai da abokai suka riƙa tallafa ta har bakin titi. Mu 'yan Zariya daga Samaru har Tudun Wada ƙafarmu ba ta san karkace ba, ko'ina shimfiɗe yake kamar tabarma.

Wani ɗan ƙwallo a unguwarmu ne ya nuna mini katakon. Na kai wa kafinta zanen, ya yanko fale-falen katako mai faɗin faifai, ya tsaga guntuwar taɓarya gida biyu ya kafa ɓari ɗaya a ƙarƙashi. Ranar farko ko ƙirga 10 ban yi a kai ba, uwargida tana ta dariya wai tsofai-tsofai da ni na koma wasan yara. Kullum bayan asuba nakan hau minti 5, ba takalmi, kusa da bango. Da ƙafa biyu na fara, sai ɗaya, sai ido a rufe, daga baya har da gora da jaka a baya. Yawancin targaɗe tafin ƙafa ne ke karkatawa ciki, jijiyoyin gefen waje su ji ciwo. Naman gefen ƙwauri shi ke fizgo ƙafar ta dawo daidai, kuma saurin nan nasa katakon ke koya masa. Da rani ya zagayo na koma Kudaru, sau biyu dutse ya goce mini, ƙafar ta gyara kanta kafin ma in ankara.

Ka haɗa da ɗaga diddige a bakin matakala, sau 15 kowace ƙafa, kana saukewa a hankali. Ranar Asabar kuma ka je dutsen Kufena. Hawan ba shi ne aikin ba, ka yi ta saukowa a kaikaice. Ka ba kanka wata 2 kafin fita.

Safar kuwa, to, tana ɗan tare ƙafar da ta taɓa targaɗe, amma ba ta ƙara mata ƙarfin komai. Tawa tana cikin durowa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallar safa a Facebook da WhatsApp, masu cewa akwai maganaɗisu a ciki yana gyara jijiya. Roba ce kawai, wanki biyu ta saki. Haka takalmin gwanjo: wasu da gam suke liƙe tafin su goge shi da baƙi. Ka lanƙwasa shi a gaban mai kayan, ka duba ƙasan ko haƙoransa sun cinye, kuma kada ka tura kuɗi kafin ka riƙe kaya a hannu.

In kuma ƙafar ta kumbura har ka kasa taku 4, a ɗauki hoto a asibiti kafin mai ɗori ya taɓa ta, katakon ya jira sai ta warke. Ka ce wa kafinta kada tudun ƙasan ya wuce yatsa uku, in ya fi haka kai zai kayar.