Mazda MX-5 ta 1989 da ta Yau: Abin da Na Gani Bayan Na Tuƙa Su

A harkar motoci an saba duk ƙirar da ta fito sai ta fi ta baya girma da nauyi. A ƙara tsawo, a ƙara faɗi, a jibga na'urori, sannan a sa ƙaton inji don ya iya jan kayan da aka labta masa. Mazda MX-5 na cikin 'yan tsirarun da suka ƙi bin wannan hanya. Ƙirar farko, wadda masu motar ke kira NA, an fara nuna ta a baje kolin motoci na Shikago a watan Fabrairun 1989. Ƙira ta huɗu, wato ND, ta shiga kasuwa a 2015, kuma tsawonta milimita 3,915 ne, ta ma ɗan fi ta farkon gajarta duk da shekara 26 da ke tsakaninsu. Na daɗe ina hawa NA mai inji lita 1.6, daga baya na haɗa ta da ND mai lita 2.0 ƙirar 2019, sannan na samu aron ND mai lita 1.5 na ɗan lokaci. A kan waɗannan ukun zan yi magana.

Tsarin bai canza ba. Inji a gaba, tayoyin baya ke tura motar, kujera biyu kacal, rufin tamfol da ake naɗewa, nauyi kuma kusan rabi a gaba rabi a baya. Duka a birnin Hiroshima na Japan ake ƙera su. Asalin tunanin daga ƙananan motocin Birtaniya na shekarun 1960 aka ɗauko shi, musamman Lotus Elan, sai dai Japanawan sun so tasu ta riƙa tashi kowace safiya ba tare da an roƙe ta ba. Toshihiko Hirai, injiniyan da ya jagoranci aikin, burinsa direba da mota su zama kamar gwanin mahayi da dokinsa, kafin a ja linzami dokin ya riga ya san inda aka nufa. Kasuwa ta karɓa: a shekarar 2000 kundin Guinness ya sa ta a matsayin motar wasa mai kujera biyu da aka fi sayarwa, a 2016 kuma aka ƙera ta miliyan ɗaya.

Injin NA ba abin a zo a gani ba ne a takarda. Ƙarfin doki kusan 115 ne, kuma daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 tana cin wajen daƙiƙa 9. Motar iyali ta zamani za ta bar ta a danja ba tare da mai ita ya san an yi tsere ba. Amma nauyinta bai kai kilo 1,000 ba, kuma nan ne sirrin. Ƙasa da juyi 3,000 a minti ɗaya injin barci yake yi. Sai allura ta wuce 4,000 yake farkawa, ƙararsa ta canza, ya ci gaba da ja har kusa da 7,000. Ma'ana dole ka yi aiki. Ba motar da za ka sa giya ta huɗu ka manta ba ce. Kana shiga kwana za ka sauko ta uku, wani lokaci ta biyu, ka fito ka sake hawa, kuma duk wannan kai-kawo yana faruwa a gudun da bai wuce doka ba. Sandar giyar gajera ce, wuyan hannu kawai ke motsa ta, kana jin ƙarfe na shiga ƙarfe. Har yau ban taɓa giya biyar da ta fi ta daɗi ba.

Inda tsohuwar ta fi ba ni mamaki shi ne sitiyari. Siriri ne, mai ruwan haidurolik, kuma ba ya yin shiru. Idan tayar gaba ta taka yashi a bakin kwalta, tafin hannunka zai sani kafin idonka. Idan kwana ta fara fin ƙarfin tayoyin, sitiyarin zai ɗan yi sauƙi a hannu, kamar yana cewa ya isa haka. Tayoyin kansu ƙanana ne, inci 14, faɗinsu milimita 185, saboda haka ba su da riƙo mai yawa, kuma ba sa sakin hanya farat ɗaya. A hankali suke zamewa, suna ba ka lokaci ka gyara. Bodin yana kwantawa gefe sosai a kwana, wanda wasu ke ɗauka aibi ne, ni kuwa ina ganin shi ke gaya maka nauyin motar ya koma ina. Duk wanda yake son ya koyi yadda mota mai turin baya ke aiki, ban san makarantar da ta fi wannan ba.

Sitiyarin ND na lantarki ne. Daidai yake, inda ka nuna nan motar za ta, babu lilo ko kaɗan a tsakiya. Sai dai maganarsa kaɗan ce. Labarin hanya yana zuwa maka ne ta kujera da ƙugu, ba ta yatsu ba. Wanda bai taɓa tuƙa tsohuwar ba zai ce sitiyarin nan ba shi da na biyu, kuma idan da sauran motocin zamani ake gwada shi, gaskiya ya faɗa. Ni dai duk ranar da na sauka daga NA na shiga ND, kwanoni biyu ko uku na farko sai in ji kamar an sa mini safar hannu mai kauri.

A inji kuwa babu gasa. Lita 2.0 ɗin da aka sabunta don ƙirar 2019 yana ba da ƙarfin doki 181, an kuma ɗaga iyakar juyinsa daga 6,800 zuwa 7,500. Kafin nan 155 yake bayarwa. Gudun kilomita 100 yana zuwa cikin daƙiƙa shida da rabi ko kusa da haka. Yana ja tun daga ƙasa, saboda haka wuce babbar mota a hanya mai layi biyu ba ya buƙatar dogon lissafi kamar yadda NA ke sa ka yi. Giya shida ce, ita ma gajera mai daɗi, kuma duk da ƙarin ƙarfin nan motar ta fi tsohuwar tsimin mai ƙwarai. A gudun kilomita 120 injin NA yana kuka wajen juyi 4,000, bayan awa biyu kunnenka ya gaji. ND a giya ta shida hankalinta kwance.

To amma ƙarfi da faɗin taya suna da nasu farashin. ND mai lita 2.0 tana kan taya inci 17 masu faɗin milimita 205, kuma riƙonta ya fi na tsohuwar nesa ba kusa ba. Kwanar da NA za ta sa ka riƙe numfashi, ND za ta wuce ta kamar ba a yi komai ba. Kafin ka kai ta inda za ta fara wasa da kai, gudun ya kai wanda bai dace da hanyar jama'a ba. Ba ta kai sauran motocin gudu na yanzu wannan matsala ba, don ita ma an bar ta tana ɗan kwantawa a kwana da gangan, amma bambancin yana nan.

Abin da ya fi burge ni a ND shi ne yadda aka yi yaƙi da nauyi. Ƙira ta uku, NC ta 2005, ta yi ƙiba, ta haura kilo 1,100. Da aka zo yin ta huɗu sai aka bi kowane ƙarfe ana rage masa giram-giram. Bonet, murfin but da fuka-fukan gaba duk na alminiyam ne. Notin taya ya koma huɗu maimakon biyar na NC. Babu safiya taya. Babu ma akwatin ajiya a gaban fasinja, sai wani ɗan ƙarami tsakanin kujerun ta baya, wanda sai ka murɗa kafaɗa kafin ka buɗe shi. Sakamakon shi ne mota mai jakunkunan iska, da birkin ABS mai hana taya ƙamewa, da na'urar hana zamewa, da ƙarfafan ƙofofi, amma nauyinta bai fi na kakarta da yawa ba. Kuma bodinta a ɗaure yake tam. A NA, idan ka taka gargada da rufi a buɗe, za ka ga madubin ciki da firam ɗin gilashin gaba suna rawa. Mazda da kanta ta ƙara sandunan ƙarfafa bodi lokacin da ta kawo inji lita 1.8 wajen 1994. A ND wannan rawar kusan babu ita.

Rufin ND aikin hannu ɗaya ne: makulli guda a tsakiya, ka tura baya, ka danna ya kama, kana zaune. Na NA makulli biyu ne, kuma tagar bayansa leda ce mai zif, wadda ya kamata ka zuge kafin ka naɗe, in ba haka ba ta karye ko ta yi hazo da shekaru. A ciki kuwa, abin dariya, tsohuwar ta fi sakewa. Ƙofofinta sirara ne, dashbod ɗin a ƙasa, kana ganin ko'ina. ND ta rungume ka sosai, dogon mutum zai ji gwiwarsa da kansa suna neman wuri, kuma sai a ƙirar 2019 sitiyarinta ya fara matsowa gaba da baya. But ɗinta lita 130 ne, jaka biyu masu taushi ke nan. Allon da ke tsaye a kan dashbod yana aikinsa, ba ni da abin cewa a kansa.

Fitilun NA masu ɗagowa kamar ido fa? Na san ba su da wani amfani. Suna ƙara nauyi a hanci, suna tare iska idan an ɗaga su, kuma dokokin kare masu tafiya a ƙasa sun sa irinsu sun ɓace daga motoci gaba ɗaya. Tun ƙira ta biyu a 1998 aka cire su. Duk da haka ban taɓa danna maɓallin nan a gaban yara ba su yi dariya ba, kuma mai sayen NA da ya ce ba su cikin dalilansa, ban yarda da shi ba.

Sai maganar da masoyan tsohuwar ba su cika son a taso ba. NA mafi ƙarancin shekaru a 1997 aka ƙera ta. Injin yana da juriya, idan bel ɗin taimin ya tsinke ma ba ya lalata bawul, sai dai motar ta tsaya. Amma duk wani roba da ke jikinta ya tsufa: tiyo, bushin, sil, saman lagireto da ke komawa ruwan ƙasa kafin ya tsage. Ƙaramar silindar kuloci tana yoyo idan ta gaji. Da safe injin yakan yi ƙas-ƙas na ɗan lokaci kafin baƙin mai ya hau sama. Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne, kayan gyara suna samuwa saboda an ƙera sama da 400,000, kuma mai ɗan sanin sifana zai yi rabinsu da kansa. Babban abokin gaba tsatsa ce. Akwai ramukan da ruwan rufi ke bi ya fita, idan suka toshe sai ruwan ya kwanta cikin ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, gab da tayar baya, ya ci shi daga ciki. Kafin ka ga fenti ya kumbura, aikin ya riga ya yi nisa. Tawa na same ta wanda ya riƙe ta kafin ni ya shafe wurin da foti ya fesa fenti, sai da mai walda ya yanke ya sa sabon ƙarfe. Wanda zai sayi NA ya fara durƙusawa ya duba nan kafin ya buɗe bonet. Inji ana sauyawa cikin sauƙi, gyaran ruɓaɓɓen bodi kuwa ya fi kuɗin motar. A Japan, tun 2017 kamfanin ya buɗe shirin sabunta NA yana kuma sake ƙera wasu kayanta, abin da ke nuna an daina kallonta a matsayin tsohuwar mota kawai. ND sarƙa ce ke juya taimin ɗinta, ba bel ba, kuma ban da juyen mai da taya da birki ba ta tambaye ni komai ba.

Akwai kuma haɗari. NA ƙira ce ta ƙarshen shekarun 1980, wasu ba su da jakar iska ko ɗaya, da yawa ba su da ABS, kuma babu kwamfutar da za ta kama maka baya idan ya zame a ruwan sama. Tsakanin manyan motocin da suka cika hanya yanzu, kanka yana daidai da hannun ƙofarsu. Wannan kaɗai ya isa ya sa ban ba sabon direba shawarar ya mai da ita motar kullum ba.

Wadda ta rikita mini lissafi ita ce ta aron, ND mai lita 1.5. Ƙarfin dokinta wajen 130 ne, nauyinta kusan kilo 1,000, tayoyinta inci 16 masu faɗin 195, injin kuma yana juyawa har 7,500 da murna. Ba a sayar da ita a Amurka, amma a Japan shekaru da dama ita kaɗai ake samu da rufin tamfol. Dole ka yi ta sauya giya kamar a NA, hancinta ya fi na mai lita 2.0 sauƙin juyawa, kuma wasan yana farawa a gudun da ba zai kai ka gaban alƙali ba. Sitiyarin dai har yanzu na lantarki ne, wannan ba a dawo da shi ba. Amma a wurina ita ce magajiyar motar 1989 ta gaskiya, ba mai babban injin da na saya ba.

Wanda yake da wata motar ta zirga-zirga, da wurin ajiya mai rufi, da haƙurin kwanciya ƙarƙashin mota ranar hutu, ya nemi NA marar tsatsa, ko da injinta ya yi tafiya mai yawa. Wanda mota ɗaya zai riƙe ya ɗauki ND. Idan doguwar hanya ce mafi yawan tafiyarsa, lita 2.0 daga ƙirar 2019 zuwa sama. Idan kuwa hanyoyinsa masu kwana-kwana ne, ya gwada mai lita 1.5 kafin ya biya kuɗin babbar.