Ciwon gajiya mai naci: bairos ne ko garkuwar jiki?

Wannan ciwon da ake kira ME/CFS, wanda mutum zai ɗan motsa kaɗan sai ya kwanta kwana biyu, ko barci ma ba ya wartsakar da shi, masana sun rabu gida biyu kan tushensa. Wasu sun ce bairos ne ya maƙale a jiki, don mutane da yawa ciwon na kama su ne bayan zazzaɓin wani bairos mai suna Epstein-Barr ko korona. Amma fa an taɓa shan kunya a nan, a 2009 aka ce an gano wani bairos mai suna XMRV a jinin masu ciwon, a 2011 mujallar Science ta janye binciken, ashe gurɓacewar ɗakin gwaji ce.

Ɗaya ɓangaren kuma cewa suke bairos ɗin ya tafi tuntuni, garkuwar jiki ce ta ƙi kwantawa, tana ta sakin sinadaran da ke kawo kumburi kamar har yanzu ana yaƙi. Ni dai wannan ya fi kwanta min a rai, ko da yake shi ma ya ci karo a Norway, inda maganin rituximab mai rage ƙwayoyin garkuwa na B bai fi na bogi (wanda babu sinadarin magani a ciki) amfani ba a gwajin da aka fitar a 2019.